Kalmar da Hatimi Ya Cinye

Brockholme, Lancashire
4 ga Nuwamba, 1678

Zuwa ga ɗan kawuna Ambrose Catterall, magatakarda a zauren 'yan kasuwar ulu, London.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Judith da 'yan matan nan uku da har yau ban sa su a ido ba. Mu nan kalau, in ban da gwiwar mijina Gilbert da ta sa shi tafiyar agwagwa, da ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa har dami ya soma tsiro a gona.

Bayan haka, Inna, gwaggonka Isabel, tana kwance rai a hannun Allah. Ko romo ba ta iya haɗiya. Hob mai dawakin kaya ne zai kawo maka takardar nan, shi kuwa ko sunansa bai iya karantawa ba, don haka bari in buɗe baki. Mai maganin shanu ya zo mata sau biyu. Ka san haka muke kiran Fada a nan, tunda doka ta ce limamin Katolika in an kama shi a ƙasar nan igiya ce makomarsa. Ka bar mu ka koma cocin Sarki, amma na san ba ka manta yarenmu ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne likkafani. Ka tuna zanen lilin ɗin nan da take ajiye a ƙasan akwati, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta shekarar da aka yi mata aure? Shekara hamsin da ɗaya tana fito da shi duk bazara ta shanya ta mayar. To, ranar Lahadi limamin cocin gari ya karanta wata sabuwar doka, wai daga yanzu ba a suturta kowa sai da ulu, gashin tumakin ƙasar nan, kuma cikin kwana takwas a je gaban alƙali a rantse cewa haka aka yi. Wanda ya saɓa, tarar fam biyar! Ambrose, na riƙe baki har na manta da shi a buɗe. Sun hana mu addu'armu, sun sa mana tara a kan ƙin zuwa cocinsu, yanzu kuma har cikin kabari za su bi mu da ciniki? Don ku 'yan ulu ku sayar da hajarku sai a naɗe uwata kamar bargon doki?

Da na gaya mata sai ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Ni ba tunkiya ba ce, Sibyl." Ta mayar da idon ta rufe.

Kai ne kake zaune a bakin doka. Ka gaya mini yadda za mu yi, kuma ka hanzarta, ba irin amsarka ta bara ba da ta iso bayan an yaye ɗan maraƙin da nake tambaya a kai.

'Yar gwaggonka,
Sibyl Threlfall

*

London
19 ga Nuwamba

'Yar'uwa Sibyl,

Na sami takardarki, na kuma ji bakinki yana nan yadda na bar shi. Muna lafiya, sai ƙaramar da ke tarin sanyi. Allah ya ba Gwaggo sauƙi, in kuma lokaci ne ya sa ta cika da kyau. Ita ta riƙe mu ni da yayana Cuthbert bayan rasuwar tsohuwarmu, ban manta ba.

Ki yafe mini rubutun nan, a gurguje nake yinsa. Ba ki san abin da ake ciki a garin nan ba. An baza magana wai Katolika sun ƙulla za su kashe Sarki su ƙone London, kuma kowa ya hau ya zauna. An ɗaure sarƙoƙi a bakin tituna. Matan manya suna yawo da 'yar wuƙa a hannun riga. Jiya a gabana aka ja wani mai gasa burodi a ƙasa don an ga carbi a aljihunsa, mutumin da shekara tara nake sayen burodinsa, na tsaya ina kallo kawai. A wurin aikinmu an sake rantsar da mu ɗaya bayan ɗaya. An kuma sa ladan fam ashirin ga duk wanda ya nuna inda Fada yake.

Maganar likkafani kuwa, kwantar da hankalinki, akwai dabara, kuma manyan gidaje duk ita suke yi. Dokar ta ce rabin tarar na matalautan gari ne, rabi na wanda ya kai ƙara. To, sai ku kai ƙarar kanku. Ku suturta ta da lilinta, sannan kafin kwana takwas su cika Gilbert ya je wurin alƙali da ƙafarsa, kafin wani maƙwabci mai dogon wuya ya riga shi. Abin da mutum ya kai da bakinsa ba a kama shi da shi, tara ce kawai, rabi ma ya dawo aljihunsa. Ya ce an binne ta da lilin, ya faɗi ranar, ya faɗi matan da suka yi mata wanka.
Kada ya faɗi wanda ya yi mata addu'ar ƙarshe da inda yake zaune. Ki ja masa kunne a kan wannan, don na san Gilbert.

Takarda ta ƙare, ga Hob yana buga ƙafa a ƙofa. Zan naɗe in buga hatimi.

Ɗan kawunki,
Ambrose

*

Brockholme
9 ga Disamba

Ambrose,

Gaisuwar da zan iya ke nan: muna numfashi. Inna ta cika ranar ashirin da uku ga watan jiya, da hantsi, hannunta cikin nawa. Mai maganin shanu ya yi mata addu'a a ɗaki, ya sa wa ƙasa cikin tafi guda albarka muka zuba cikin likkafanin yadda muka saba, sannan aka kai ta makabartar coci. Ban jira amsarka ba, da lilinta ta tafi. Allah ya jiƙanta.

Yanzu ka gaya mini, me muka yi maka?

Takardarka ta iso a rana ta bakwai da yamma, saura kwana ɗaya wa'adi ya cika. Gilbert ya ɓalle hatimin ya bi ta da yatsa yadda ya saba, ni ma na karɓa na karanta har sau uku. Ga abin da ka rubuta, tana gabana: "ya faɗi ranar, ya faɗi matan da suka yi mata wanka, ya faɗi wanda ya yi mata addu'ar ƙarshe da inda yake zaune. Ki ja masa kunne a kan wannan." Na ce wa Gilbert, "Anya kuwa? Wannan ai miƙa wuya ne ga mahauci." Ya ce, "Mace, Ambrose a cikin doka yake kwana yake tashi. Ba ga shi ya ce abin da ka kai da bakinka ba a kama ka da shi ba? Wataƙila afuwa ce Sarki ya yi ga mai faɗin gaskiya, mu na ƙauye ba mu ji ba." Na ce a tambayi Fada tukuna, to shi kuma ya haura tsauni wurin wata mai naƙuda, ga rafi ya cika. Ka san mijina, in ya ga abu a rubuce ya zama saukakke. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ja masa kunnen kamar yadda ka ce.

Da safe ya sa rigarsa ta Lahadi ya tafi. Ya ce alƙali yana cin naman alade da giya, ko ɗaga kai bai yi ba da maganar lilin, sai da ya ji sauran. Nan ya ajiye wuƙa ya ce, "Maimaita, Threlfall." Wawan Allah ya maimaita, har da kwatancen rumbun gidan maƙwabcinmu Parkinson inda Fada ke ɓuya, da tsanin da ake hawa. Alƙali ya sa aka rubuta, ya ba shi ya dangwala, ya ce masa Sarki na godiya, har ya ce akwai fam ashirin da ke jiransa. Sai a lokacin Gilbert ya gane. Ya dawo gida ba hula, ya zauna a bakin rijiya yana kuka kamar yaron goye.

Kafin in aika a gargaɗi Fada sun riga mu. Mutum shida da sanduna. Na ga wucewarsu ta gaban gidanmu, an ɗaure hannunsa a wutsiyar doki, ya dube ni ya girgiza kai don kada in yi magana.

Shekara huɗu yana hana ni gaya maka, wai kada ya ɗora maka abin da zai hana ka barci a wurin aikinka. Yau ba zan rufe ba. Mutumin da muke kira Malam Garth mai maganin shanu, Cuthbert ne. Yayanka, uwa ɗaya uba ɗaya. Kai ka nuna musu shi da alƙalaminka.

Sibyl

*

London
27 ga Disamba

Sibyl,

Ban san ta inda zan fara ba. Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofa, da na kai ƙarshe sai ganina na yi a zaune a kan dakali, Judith tana yayyafa mini ruwa tana tambaya wa ya mutu. Na ce mata Gwaggo. Ban iya gaya mata sauran ba, har yanzun nan.

Cuthbert? Cuthbert ɗinmu? Shekara ashirin da biyu rabona da shi, tun ranar da ya shiga jirgi zuwa ƙasar Flanders ya bar mini takalmansa don sun fi nawa. An ce mini zazzaɓi ya kashe shi a can. Na yi kukansa na gama, na sa wa 'yata ta fari Cuthberta a zuciyata ko da yake a coci Anne aka rubuta. Ashe yana kwana a rumbun Parkinson, ku duka kun sani, ni kaɗai ne bare!

Amma ki saurare ni, don girman Allah. Ban rubuta abin da kika ce ba. Na rantse da kabarin tsohuwarmu, KADA na rubuta. Kada ya faɗi. Ni mahaukaci ne? Ina ganin ana jan mutane a titi saboda carbi, sai in ce ku kai sunan Fada gaban alƙali? Na kwana biyu ina juya abin, sai na tuna takardar ta ƙare mini, na matse layin ƙarshe a gefe, na naɗe da gaggawa na ɗiga kakin a daidai wurin. Ki nemo hatimin da Gilbert ya ɓalle. Ki duba bayansa.

Ki gaya mini inda aka kai shi, da ko an bar shi da bargo, da abin da yake ci. Na ba Hob rigar sanyi da sule goma a kai masa. Kada a ce daga wurina suka fito.

Ambrose

*

Brockholme
16 ga Janairu

Ɗan'uwa Ambrose,

Ina gaishe ka, kuma ina neman gafarar maganar da na yaɓa maka. Gilbert ba ya ci ba ya sha, ya rame ya zama kamar sillen kara. Mutanenmu sun daina gaishe shi a hanya, matar Parkinson ta tofa masa yawu a kasuwa. 'Yan cocin Sarki kuwa sai ɗaga masa hula suke, wannan ya fi yi masa ciwo.

Na sami hatimin. Yana cikin tokar murhu a gefe, wuta ba ta kai gare shi ba. Na juya shi, ga 'yar takarda manne a jikin jan kakin, ba ta kai farcen babban yatsa ba, ga rubutunka a kai: Kada. Wayyo Allah, Ambrose! Na zauna a ƙasa da abin nan a tafin hannuna, na rasa kuka na rasa dariya. Sau uku na karanta takardar nan, na ga gefenta a yage, ban kawo komai a raina ba don kowace takarda haka take yagewa.

Aikin gama ya gama, ga abin da ya rage. Yana kurkukun babban garin yankinmu, na je sau biyu. Yana tari amma yana dariya, wai rigar da aka aiko ta yi masa gajarta a hannu, ya san ta gajeren gidanmu ce. Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Alƙalan da ke tasowa daga London suna zagaya garuruwa za su zauna a watan Maris. Na sayar da saniyar nan mai farin goshi na ga lauya, ya ce mini ba makawa za a same shi da laifi, tunda ba zai yi musun abin da yake ba. Amma ya ce alƙalan nan suna da ikon mayar da igiya ta zama kora daga ƙasa, kuma an taɓa yi, in aka sami wani na jini, ɗan cocin Sarki, mai rantsuwa da muƙami, ya miƙe a kotu ya ce, "Wannan ɗan'uwana ne, na san shi ba ya ƙulla wa Sarki komai, na tsaya masa." Ba ƙarya za ka yi ba ko ɗaya. Sunanka kawai za ka haɗa da nasa a gaban mutane.

Duk danginmu ba mai wannan rigar sai kai. Mu in mun buɗe baki ƙara masa nauyi za mu yi. Na san abin da nake roƙo, na san za a ji a London kafin ka koma. Amma zumunta a ƙafa take, kuma tafiyar kwana tara ce kawai. Shi bai san na rubuto ba, da ya sani da ya hana.

Ka amsa mini da Hob na gaba.

Sibyl

*

Brockholme
20 ga Fabrairu

Ambrose,

Lafiya dai? Hob ya zo sau biyu hannu wofi. Ya ce a zuwan farko ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu ka ce ka gode. Ko ciwo kake? In ciwo ne Judith ta rubuto layi ɗaya. An ce alƙalai sun riga sun baro London.

Sibyl

*

London
11 ga Maris

'Yar'uwa Sibyl,

Muna lafiya, ba ciwon da zan fake da shi. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro ne. Na rubuta miki amsa sau biyar ina yagawa. A watan jiya an kori wani abokin aikina don kawai an gano surukarsa Katolika ce, aka farfasa masa tagogi, yanzu 'ya'yansa suna gidan mutane. Kullum in na dubi 'yan matan nan a bakin tebur sai in ce gobe zan yanke shawara. Goben ce ta kai ni yau.

Jiya na gaya wa Judith komai. Na zaci za ta kwashe yara ta tafi gidan ubanta. Sai ta ce, "Wata rana ka taɓa ba ni labarin takalman nan kana hawaye, ashe mai takalman yana kurkuku kana nan kana cin tuwona?" Ban taɓa jin kunya irin ta jiya ba. Ita ta ɗaure mini kaya.

Na yi hayar doki, jibi Alhamis zan taso. An ce mini alƙalan sukan yi fiye da wata guda a hanya suna tsayawa gari gari, don haka ina sa ran zan riske su. Ki gaya wa lauya ya sa sunana, Ambrose Catterall, cikakke. Ki gaya wa Cuthbert gajeren yana tafe.

Ambrose

*

Brockholme
12 ga Maris

Ambrose,

Ban sani ba ko kana karanta takarduna, amma wannan dole in rubuta, daga ita ba zan ƙara damunka ba. Gilbert yana kwance. Ni ina tsaye don ba wanda zai tatsi shanu.

An yi zaman ranar Litinin da ta wuce. Alƙalan sun iso da wuri don hanya ta bushe. Ba a kai awa biyu ba. Aka karanta takardar da Gilbert ya dangwala, aka kawo wata mata da ta ce ta gan shi da rigar hidimar Fada. Aka tambaye shi ko shi Fada ne, ya ce, "Ni ne, kuma ban taɓa nufin Sarki da sharri ba, kullum ina sa shi a addu'a." Mutane suka yi ta ihu daga saman benen kotu.

Babban alƙalin tsoho ne, kuma wallahi ba mugu ba ne, na ga yana neman ƙofa. Ya ce, "Garth ba sunanka ba ne, kowa ya sani. Faɗi sunan gidanku. Ba ka da wani naka mai bin cocin ƙasa da zai tsaya maka? Ko ba ya nan, ka ambace shi, zan ɗage hukunci in aika a kira shi." Lauya ya waiwayo ya dube ni. Na buɗe baki, Ambrose, sunanka yana kan harshena, sai Cuthbert ya ɗaga murya ya rufe tawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da kowa. Mu biyu aka haifa, ɗayan ya daɗe da rasuwa." Alƙali ya sake tambaya, ya sake faɗa. Sai tsohon ya sa baƙar hular da suke sawa in za su yanke hukuncin kisa.

Ba a sa rana ba tukuna, an ce sai takarda ta zo daga London, wataƙila bayan bikin Ista. Lauya ya ce yanzu ko ka zo ba abin da zai canja, an rufe littafi, kuma mutumin ya rantse ba shi da ɗan'uwa.

Sun bar ni na gan shi ta taga kafin a mayar da shi. Na ce masa na rubuta maka tun Janairu, ya yi mini faɗa sosai. Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita don kada in rage ko in ƙara. Ya ce in gaya maka ka kyauta da ba ka zo ba, haka yake so, ka riƙe aikinka ka aurar da 'ya'yanka, kuma kada ka ɗora wa kanka maganar hatimi don kaki ba shi da hankali. Ya ce ya yafe wa Gilbert, kai kuma babu abin yafewa.

To, na isar da saƙonsa yadda ya ba ni. Saura nawa. Ni a bencin baya na zauna, kusa da ƙofar shiga, kuma tun da aka shigo da shi har aka fita da shi, duk lokacin da ƙofar nan ta yi ƙara sai ya waiwayo ya duba wanda ya shigo. Na ƙirga, sau goma sha ɗaya.

'Yar gwaggonka,
Sibyl Threlfall